Ganin Giwa da Ganin Malami: Tsokaci Kan Gajeriyar Tafiya Zuwa Nijar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Malaman tarihi sun kawo labarin wani saurayi mutumin Andalus, mai suna Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ya baro ƙasarsu ya tafi Madina domin ɗaukar karatu wurin Imamu Malik. Wata rana ana tsakiyar karatu sai aka yi shela cewa an shigo da giwa cikin gari. Da yake giwa ba dabbar Hijaz ba ce, almajirai suka watse zuwa kallo, aka bar Yahaya shi kaɗai a gaban malami. Imamu Malik ya tambaye shi dalilin da ya hana shi fita, alhali babu giwa a ƙasarsu. Yahaya ya amsa da cewa shi ganin Malik ya kawo shi, da koyon iliminsa da halayensa, bai zo don ganin giwa ba. Daga nan Malik ya yi masa laƙabi da mai hankalin mutanen Andalus. Wannan Yahaya, wanda ya rasu a shekara ta 234 bayan hijira, shi ne mai riwayar Muwaɗɗa da ta fi shahara, wadda ake karantawa a zaurukanmu har gobe.

Abu biyu nake so mai karatu ya lura da su a wannan ƙissa. Na farko, Yahaya ya san abin da ya fito da shi daga gida. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, Imamu Malik bai zargi waɗanda suka fita kallo ba, hasali ma shi ne ya yi mamakin zaman Yahaya. Ashe ke nan ganin giwa ba laifi ba ne, matsayinsa ne yake bayan ganin malami. Ra'ayin da nake son in kare a wannan rubutu shi ne: ya kamata kowane matashi mai neman ilimi ya ware 'yan kwanaki da 'yan kuɗi, ya taka da ƙafarsa ya je ya gaida malamin da ya tarbiyyantar da shi, ko da kuwa sai ya tsallaka iyakar ƙasa, sannan idan ya gama da malami ya buɗe ido ya kalli ƙasar Allah da niyyar ɗaukar darasi. Kuma mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, ƙasar wajen da ta fi cancanta mu fara da ita tana nan bayan ɗakinmu, wato Jamhuriyar Nijar.

Tafiya wurin malami tsohuwar hanya ce

A cikin Suratul Kahfi Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu labarin Annabi Musa (AS), manzo mai littafi, wanda ya ɗauki guzuri da yaronsa ya kama hanya, ya sha gajiya, domin ya riski bawan Allah Halliru ya koyi abin da bai sani ba. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham wurin Abdullahi ɗan Unais (RA) saboda hadisi ɗaya tak. Imamu Shafi'i ya haddace Muwaɗɗa tun yana Makka, amma haddar ba ta hana shi zuwa Madina ya durƙusa gaban mai littafin ba. Irin waɗannan labarai sun yi yawan da Alhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463 bayan hijira, ya ware musu littafi sukutum mai suna Arrihla fi Ɗalabil Hadis.

Ba sai mun je Bagadaza neman misali ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas, ya zauna tare da shi wajen shekara guda. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar aikin hajji sai Shehu ya dawo gida, saboda mahaifinsa bai yi masa izinin wucewa Makka ba. Dubi ladabi kashi biyu a wuri ɗaya: bin malami zuwa nesa, da tsayawa inda izinin mahaifi ya tsaya. Haka nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka, su yi tafiya a ƙasa zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Da ƙafa aka gina ilimin ƙasar nan, shi ya sa Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi.

Abin da waya ba ta ɗaukowa

Na san abin da wani zai ce: ai yau ga waya, ga intanet, karatun kowane malami yana YouTube, tambaya kuwa sai ka tura ta WhatsApp a ba ka amsa kafin ka sha ruwa. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce da ya wajaba mu gode wa Allah a kanta. Ni kaina da nake rubuta muku wannan, ta wannan hanya saƙona ya iso gare ku. To amma a matsayina na mai koyarwa a Islamiyya, ina ganin irin ɗaliban da wannan zamani yake ƙyanƙyashewa. Yaro zai zo maka da mas'alolin saɓani guda goma da ya tsinta a bidiyo, ya san sunan malamin da ya yi wa wane raddi, amma bai san yadda ake zama a gaban babba ba, bai san cewa akwai tambayar da amsarta shiru ne ba.

An ruwaito cewa lokacin da Imamu Malik yana yaro, mahaifiyarsa ta sanya masa tufafin karatu ta aike shi wurin Rabi'a, ta yi masa wasiyya da ya fara koyon ladabinsa kafin iliminsa. Ladabi kuwa gani ake yi. Yadda malami yake karɓar baƙo, yadda yake haɗiye fushi idan an yi masa wauta, yadda yake cewa ban sani ba a gaban jama'a, lokacin da yake tashi cikin dare, abin da yake ci da wanda yake bari, duk waɗannan ba sa shiga cikin kyamara. Mai ɗaukar bidiyo yana kunna na'urarsa ne idan an fara karatu, ya kashe idan an shafa fatiha, alhali rabin tarbiyya kafin nan take da bayan nan.

Sannan akwai haƙƙi. Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya kama hanya zuwa wata alƙarya domin ziyarar ɗan uwansa, Allah Ya ajiye masa mala'ika a kan hanya. Da mala'ikan ya tabbatar cewa babu wata bukata ta duniya da ta fito da shi illa so saboda Allah, sai ya yi masa bushara da cewa Allah na sonsa kamar yadda ya so ɗan uwan nasa. Idan wannan ladan ziyarar ɗan uwa ne, ina ga wanda ya koya maka alwala, ya gyara maka Fatiha? Kuma mu tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya bayyana cewa ana ɗauke ilimi ne ta hanyar mutuwar malamai. Dattawan da suka karantar da mu a zaure suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Saƙon ta'aziyya a Facebook ba zai maye gurbin gaisuwar da ba a je an yi ba.

Kwana shida

A watan Disamba na 2024, lokacin hutun makaranta, Allah Ya nufe ni da zuwa Tawa. Malamin da ya karantar da ni Ahalari da Iziyya da Risala mutumin Adar ne, ya yi shekaru masu yawa a Wurno yana koyarwa a zaure, da girma ya kama shi ya koma cikin danginsa. Muna gaisawa ta waya, amma rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jinkirta haɗuwarmu, sai bayan da aka sake buɗewa a watan Maris na 2024 hanya ta samu.

Na bi ta Sakkwato, na wuce Kware da Gwadabawa zuwa Illela, na tsallaka Birnin Ƙonni. Daga Ƙonni zuwa Tawa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Na tarar da Malam bayan la'asar yana kishingiɗe a kan buzu, ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Na yi sallama na durƙusa na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ɗanka ne daga Wurno." Ya kama hannuna ya riƙe, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi maƙwabta gida gida, yana kiran sunayen waɗanda wasunsu sun daɗe da rasuwa, ina gaya masa yana yi musu addu'a. Da ya gama sai ya ce, "To ɗana, ina muka tsaya?"

Littafin da muke ciki lokacin da ya bar Wurno yake nufi. Ya aiki jikansa ya ɗauko Muhtasar, na buɗe babin da muka tsaya, na karanta, yana fassarawa da ka, yana gyara mini wasali ba tare da ya dubi takarda ba. Kwana uku muka yi a haka, safe da yamma. Ba mu ci shafuka masu yawa ba. Amma na ga mutum mai fama da ciwon ƙafa yana ƙin yin sallar farilla a zaune matuƙar zai iya miƙewa. Na ga an kawo masa ƙarar gado tsakanin 'yan uwa, ya ƙi buɗe baki sai da aka nemo ɗaya ɓangaren. Na ga wani matashi ya zo da zafi yana neman ya kafirta wasu mutane, Malam ya sa aka kawo masa fura, ya tambaye shi sharuɗɗan taimama, yaron ya kasa kawowa, Malam bai ƙara cewa komai ba. Na yi shekaru a jami'a ina karanta hanyoyin koyarwa, ban ga darasin da ya kai wannan ba.

A rana ta uku Malam ya ce mini, "Ka ga malami, saura ka ga ƙasa. Kada ka koma ba ka je Agadas ba." Ya haɗa ni da ɗansa muka kama hanya.

Giwayen da na gani

Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne, ta Abalak. Tun kafin a kai rabi bishiyoyi suke fara ƙaranci, ƙasa ta buɗe, ido ya rasa inda zai tsaya. Mutumin da ya tashi a fadamar Rima, inda ruwan madatsar Goronyo ke shayar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, ba zai san girman ni'imar ruwa ba sai ya ga garken raƙuma da awaki sun yi layi a bakin rijiya guda, ana jan guga da jaki. A nan na fahimci dalilin da ya sa Alkur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kamar yadda ya zo a Ali Imrana da An'am da Hajji da Ankabut.

A Agadas abin da ido ke fara kamawa shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa zalla mai tsawon mita 27, da itatuwa a soke a jikinta. An fara gina masallacin a wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kusa da shi fadar Sarkin Abzin take. Wannan gari ne da Shehu Magili ya bi ta cikinsa a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya iso Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Gari ne da Faransawa suka yi wa ɗanyen aiki a 1917 bayan yaƙin Kawusan, suka kashe mutane da dama har da malamai. Na yi sallah a masallacin, na tsaya ina tunanin cewa wani saurayi daga Degel ya taɓa yawo a waɗannan lunguna yana ɗauke da littattafan malaminsa, ba wanda ya san abin da Allah zai yi da shi.

Na ga wani abu kuma da ya sosa mini rai. Agadas ta daɗe tana zama mashigar masu tsallaka sahara zuwa Libiya da Aljeriya, kuma cikin matasan da ke jiran mota a tasha akwai masu magana da harshen gida. Na tuna da gawarwaki 92 da aka tsinta a sahara kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, mafi yawansu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Hanya ɗaya ce, amma niyya da shiri su ne suke bambanta matafiyi da matafiyi.

A kan hanyar dawowa muka ratsa ta Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma, muka leƙa Maratta, inda aka haifi Shehu. Ƙauye ne irin ƙauyukanmu, da rumbuna da tumaki da yara masu allo. Wanda ya kafa daular da muke alfahari da ita, mahaifarsa tana cikin ƙasar da yau sai da takarda muke shiga.

Wace ce ƙasar waje?

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake so matasa su yi wa kansu. Iyakar da ta raba mu da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da an tambayi Bagobiri ko Ba'adare ko Bakatsine ba. Ta raba Gobir biyu, Sabon Birni a nan, Tsibiri a can. Ta bar Katsina a nan, Maraɗi a can. Gulbin Maraɗi kansa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya dawo ya zuba cikin Rima, ruwan da muke noman rani da shi. Da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji da ke jihar Maraɗi, 'yan uwa suka buɗe musu ƙofa. Ɗalibanmu da yawa sun yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Say, wadda aka buɗe a 1986.

Amma siyasa tana ta ƙara nisa tsakaninmu. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa a 2023, har da yanke wutar lantarki. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ba ni da ta cewa kan lissafin gwamnatoci, amma na san cewa idan tsara guda ta tashi ba ta taɓa kwana a gidan 'yan uwanta na tsallake ba, to ranar da aka ce mata su abokan gaba ne za ta yarda. Zumunta a ƙafa take. Kowane matashi da ya je ya gaida malami ko goggo a Ƙonni ko Madawa ko Tawa, ya ɗinke wani ɓangare na abin da ake yagawa.

Abin mamaki, idan aka ce ƙasar waje, tunanin matashinmu Dubai yake tafiya ko Turkiyya, wuraren da kuɗin jirginsu ya fi albashin malamin Islamiyya na shekara. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya zo Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla. Mu kuwa akwai ɗan Goronyo da bai taɓa tsayawa a Wurno ya ga ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ba, inda ya rasu a 1837 aka binne shi. Akwai ɗan Wurno da bai san Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, ba sai a allon mota. Wanda bai iya kallon na gida ba, ko an kai shi Istambul hoto kawai zai ɗauko.

Amsa ga masu ja

Wani ɗan uwa zai kawo hadisin da ya hana ɗaura sirdi zuwa wani masallaci in ba uku ba: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. Hadisi ne ingantacce, Buhari da Muslim sun ruwaito shi. Malamai sun yi saɓani kan faɗin abin da ya ƙunsa, musamman game da tafiya takanas don ziyarar kaburbura, kuma ba wannan ne wurin warware saɓanin ba. Amma babu saɓani kan halaccin tafiya don neman ilimi, ko sada zumunta, ko fatauci. Wanda ya je ya ga tsohon masallaci don ya san tarihi, bai ƙudurta cewa sallah a cikinsa tana da wani lada na musamman ba, bai shafi bango don neman tabarruki ba, bai roƙi kowa ba sai Allah, to bai shiga cikin hanin ba. Ka gyara niyya, ka kiyaye aƙida, ka buɗe ido.

Wani zai ce babu kuɗi. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe ga wanda ba shi da su da gaske, kuma ban ce a ci bashi ko a tauye abincin iyali ba. Amma ka lissafa abin da kake kashewa a sayen data cikin wata shida, ka kwatanta da kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Illela. Baƙon malami ba ya biyan masauki.

Wani zai ce babu tsaro, kuma wannan ita ce hujja mafi nauyi. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe sama da mutum 40, ba za a koya mana tsoron hanya ba. A can ma akwai yankunan da ba sa shiguwa. Shari'a ba ta yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka don abin da yake mustahabbi ba. Idan hanya ta ɓaci a dakata, a yi waya, a aika saƙo. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da dakatawa ta zama mantuwa, har ranar da hanya ta gyaru babu wanda ya tuna da niyyar.

Ga mai niyyar tafiya

Ka nemi izinin iyaye tukuna, kamar yadda Shehu ya yi. 'Yar uwa kuma ta tafi da muharraminta, kuma malamar da ta koya miki karatu tana da irin wannan haƙƙi a kanki.

Ka sanar da malami kafin ka taso, ka tambayi mutanen can halin da hanya take ciki a makon da za ka tafi, domin labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani. Kada ka yi tafiyar dare.

Ka tanadi fasfo mai rai da katin rigakafin cutar shawara, ka bincika abin da ake nema a bakin iyaka kafin ka isa, ka bi ta ƙofa, ka guji ɓarauniyar hanya komai sauƙinta. Ka canza kuɗinka zuwa sefa, ka kuma san cewa da dala suke lissafi, idan aka ce maka jaka ɗaya sefa 1,000 ake nufi.

Ka koyi hukuncin sallar matafiyi kafin ka hau mota: nisan da ake ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya buridi huɗu ne, wato mil 48, da kuma cewa niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya.

Ka riƙa wa malami tsaraba daidai ƙarfinka, ko da turmin shadda ne ko mudun shinkafar Wurno. Ka tafi da littafi, ko da shafi biyu za ku karanta. Ka kashe waya a gabansa, kada ka ɗauki hotonsa ko muryarsa sai da yardarsa. Ka tambaye shi malamansa da malaman malamansa ka rubuta, domin wannan salsala idan ya tafi da ita ba mai dawo da ita.

Idan malaminka yana nan kusa, a Achida ko Gandi ko Shinaka, to hujja ta fi ƙarfi a kanka, kada makon nan ya fita ba ka je ba. Idan kuwa ya riga mu gidan gaskiya, ka ziyarci iyalinsa, ka yi masa addu'a, ka koyar da abin da ya koya maka.

Allah Ya saka wa malamanmu da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ƙara wa rayayyu lafiya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Nijeriya da Nijar, Ya buɗe hanyoyinmu, Ya sa tafiye-tafiyenmu su zama hujja gare mu ranar gobe. Allah ne Mafi sani.